TAYA HUƊU, HALI HUƊU: MU DUBI ƘAFAFUN MOTA KAFIN MU HAU



In kaka ta yi, mota ba ta hutawa cikin ƙasarmu. Wake da gujiya da riɗi suna fita daga Cadakori da sauran ƙauyukan Gidan Runji zuwa Maradi. Aya tana fita daga Agiye da Gazawa da Cadawa. Ranar Litinin da ranar Juma'a, ranakun kasuwar Maradi, kowace mota cike take: buhuna ƙasa, mutane bisa buhuna, awaki da kaji tsakanin ƙafafun mutane.

Mafi yawanmu ba mu da mota. Amma amfanin gonarmu shina cikinta, matanmu da ɗiyanmu suna cikinta. Manomi in za shi sayen san noma, sai ya buɗe mishi baki ya ga haƙori, ya ɗaga ƙafa ya ga kofato. Mota kuwa, kuɗin shiga kaɗai muke tambaya. To, yau ga wani abu da kowa ke iya dubawa da idonshi, ba sai makanike ba: shin tayoyin motar nan iri ɗaya ne, ko kowace da halinta?

Ku kewaya motocin da ke tsaye tasha, ku gani. Wata za ku tarar ƙafar gaba ta dama sabuwa ce, ta hagu ta yi sanƙo. Ta baya guda doguwa, guda gajera. Guda ta ƙaramar mota ce, guda ta motar kaya. Direbobi ba don mugunta suke yin haka ba. Taya tana da tsada. In guda ta fashe bisa hanya, wadda anka samu wurin mai faci ita ake sawa, muddin ta shiga. Amma shiga daban, dacewa daban.

ABIN DA KE TAƁA ƘASA

Duk girman ƙaramar mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Tafi huɗu ke nan. Su ke ɗauke da nauyi. In direba ya taka birki, su ke tsai da mota. In ya karya kwana, su ke riƙe ta kada ta zarce daji. Inji da birki da sitiyari duka aikinsu bisa waɗanga tafukan huɗu yake ƙarewa.

Kowa ya san abin da ke faruwa in anka ɗaura babban sa da ƙaramin maraƙi ga karkiya guda. Huɗa ba ta miƙewa, mai riƙon garma shi ke shan wahala. Haka direba yake da tayoyin da halinsu ya bambanta. Bisa hanya miƙaƙƙiya, rana tsaka, babu ruwa, ba shi jin komi, shi ya sa yake cewa lafiya lau. Sai ranar da jaki ya faɗo ma hanya, ko ruwa ya sauka bisa kwalta, sannan kowace taya ke nuna halinta. A lokacin nan kuwa babu damar gyara.

MAI WAYA DA MAI ZARE

Taya ba roba ce zalla ba. Cikinta akwai saƙa, kaman tabarma, ita ke riƙe iska da nauyi. Saƙar nan iri biyu ce.

Ta farko ita ce ta dauri, mai zare, wadda wasu ke ce ma nailan. Zarenta a gicciye yake, shimfiɗa bisa shimfiɗa, daga wanga baki zuwa wancan. Gefenta da ƙarfi yake. Shi ya sa direbobin daji ke sonta: kututture da ƙaya ba su saurin huda ta ta gefe. Aibinta shi ne, in mota ta yi gudu bisa kwalta tana saurin ɗaukar zafi, kuma in an shiga kwana fuskarta ba ta zama daram bisa hanya.

Ta biyu ita ce mai waya, wadda ake kira radiyal. Zarenta a miƙe yake daga baki zuwa baki, kuma an yi mata ɗamara ta waya ƙarƙashin wurin da ke taka ƙasa. Gefenta da taushi, fuskarta kuwa tana kwanciya sosai bisa hanya. Ta fi kama kwalta, ta fi daɗewa, mota kuma ta fi rage shan mai da ita. In kunka ga cikinta ya ɗan fito ta ƙasa kaman ba ta da iska, halinta ne. Wasu na ganin haka su yi ta ɗura mata iska har ta wuce ƙa'ida, wannan ɓata ta ne.

Makiyaya, ga wani labari da za ku so ji. Wanda ya fito da taya mai iska har duniya ta karɓa, likitan bisashe ne, sunanshi John Dunlop. A garin Belfast ya yi ta, cikin 1888, don keken ɗanshi ya daina girgiza shi bisa duwatsun hanya. Mai waya kuwa kamfanin Michelin na Faransa ya fito da ita cikin 1946. Yau kusan duk ƙaramar mota da ita take fitowa daga masana'anta. Amma mai zare ba ta ƙare ba a wajenmu. Tana nan ga motocin daji irin Land Cruiser, da manyan motocin kaya, da amalanke.

To mi ke faruwa in an haɗa su ga mota guda?

In an sa mai waya dama, mai zare hagu, ƙafafu biyu da ya kamata su yi aiki kaman tagwaye sun rabu. Direba ya taka birki da ƙarfi, guda ta kama, guda ta zame, mota ta fizga gefe.

In kuwa an sa masu waya gaba, masu zare baya, wannan shi ne haɗin da ya fi duka muni. Gaban mota shina kama hanya ƙwarai, shina bin sitiyari nan da nan. Baya ba shi iya kamawa haka. An shiga kwana, gaba ya juya, baya ya ƙi bi, ya zarce waje. Sai gindin mota ya kewayo, kaman saniya ta juyo da ƙugu. Motar da ke da kaya bisa rufi, ko buhuna sun yi tsauni bayanta, daga nan sai kifewa.

Wagga magana ba ra'ayin malami ba ce. A Ingila doka ta hana a haɗa mai waya da mai zare ga ƙafafun gaba, ko ga ƙafafun baya, ta kuma hana a sa masu waya gaba, masu zare baya. A Faransa ma doka ta hana haɗa iri biyu dama da hagu. Ta ƙara da cewa zurfin zanen tayar dama da ta hagu kada bambancinsu shi wuce milimita 5. In dole ta sa mutum ya haɗa, to masu waya su koma baya, masu zare su zo gaba, a tafi sannu har a samu huɗu iri ɗaya.

Ƙaƙa ake gane su? Ga inda karatunku ke da rana. Ku durƙusa ku dubi rubutun gefen taya. In kunka ga harafin R tsakanin lambobi, kaman 7.50 R 16, mai waya ce. In ɗan karan tsaye ne a kwance, kaman 7.50-16, mai zare ce. Girmansu ɗaya, janti ɗaya suke shiga, wato ƙarfen nan da ake sa taya bisanshi, wanda wasu ke ce ma wili. Harafi guda ne ya raba su, kuma wanda bai iya karatu ba ba shi ganinshi.

SABUWA GABA KO BAYA?

Nan ne gardama take. In direba ya samu kuɗin taya biyu, kusan kullum gaba yake sa su. Hujjarshi ita ce: gaba ke da sitiyari, in tayar gaba ta fashe ana gudu, sai abin da Allah ya yi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba a raina ta. Tayar da ta tsattsage ba ta da wurin zama gaba. Amma ba ta da wurin zama baya ma.

Abin da manyan kamfanonin taya ke cewa shi ne: in biyu kaɗai za a saya, sababbin su tafi baya, waɗanda ke baya masu sauran ƙarfi su dawo gaba. Ko motar da injinta ke jan ƙafafun gaba, kaman Starlet da Corolla, haka anka ce a yi mata.

Ga dalili. Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ne. In ruwa ya kwanta bisa kwalta, ta cikin zanen nan yake fita, roba ta samu ta taɓa hanya. Tayar da ta suɗe ba ta da inda za ta kai ruwan, sai ta hau bisanshi kaman ƙwarya bisa tabki. In tayoyin gaba ne sunka fara zamewa, direba shina ji ga hannunshi, sitiyari ya yi sakwaf. Sai shi ɗaga ƙafa daga mai, gudu shi ragu, taya ta sake kama hanya. Ko sabon direba shina iya wannan. In kuwa na baya ne sunka zame, babu abin da ke gaya mishi. Baya ba shi da sitiyari. Kafin shi farga mota ta juya tana kallon inda ta fito. Fashewa ma haka take: ta gaba ana kokawa da ita da hannu, ta baya wutsiyar mota take kaɗawa, kuma motar fasinja mai tsawo, wadda anka yi ma lodi bisa rufi, kaɗawar nan ke kayar da ita.

Ku ƙara da wannan: motar kaya, nauyinta baya yake. Buhu ashirin na hatsi ba bisa injin ake ɗora su ba. Sa tsohuwar taya ƙarƙashin buhuna, sabuwa ƙarƙashin direba, a ganina direba ya yi ma kanshi tanadin da bai yi ma kaya da mutanen da ke bisa kayan ba, kuma shi ma bai tsira ba.

Wani na iya cewa, mu nan ruwa wata uku ne ko huɗu. Gaskiya ne. Amma ruwan farko na damana ya fi kowane santsi, don shina haɗuwa da ƙura da man da motoci sunka zubar duk rani. Kuma rairayin da iska ke shimfiɗawa bisa babbar hanya, tsakanin Gidan Runji da Tsibiri ko tsakanin Agiye da Gazawa, shi ma zamar da taya yake yi. Burji mai gargada, balle shi.

MU KARANTA JIKIN TAYA

Bari mu ɗauki taya biyu, mu karanta su tare kaman yadda muke karanta allo.

Ta farko an rubuta: 185/70 R 14 88 T.
Ta biyu an rubuta: 185 R 14 C 102/100.

Lamba 185 faɗin taya ce, da milimita. R mun san shi. Lamba 14 girman janti ne. Ke nan duka biyu janti ɗaya suke shiga, kuma ga ido kusan ɗaya suke. Mai faci shina iya sa kowace, ta zauna daidai.

Amma dubi sauran. Harafin C shina nufin an yi ta don motar kaya ko ta fasinja, saƙarta ta fi yawa. Wasu tayoyin LT ake rubuta musu, ma'anar kusan ɗaya ce. Lambar ƙarshe kuwa ita ke faɗin nauyin da taya ke iya ɗauka. Ba kilo ba ce kai tsaye, alama ce: 82 tana nufin kilo 475, 88 kilo 560, 102 kilo 850, 106 kilo 950. Ke nan ta farko kilo 560 take ɗauka, ta biyu kilo 850. Tsakaninsu kilo 290, kusan buhu uku na kilo ɗari ɗari, ga taya guda. In an sa ta farko bayan Hiace ko bayan motar ɗaukar buhuna, an ɗora ma ɗan jaki kayan raƙumi. Ba nan take za ta fashe ba. Za ta yi ta lanƙwasa tana ɗaukar zafi, saƙarta tana saki daga ciki inda ido bai gani, sai wata ranar bazara, kwalta ta yi zafi, ta tashi gaba ɗaya.

Akwai kuma tsawo. Ta farko tsayinta wajen santimita 61 da rabi ne, ta biyu wajen 65. Cikin kilomita guda, gajerar tana juyawa wajen sau 518, doguwar wajen sau 490. Bambancin juyi 28 ke nan kowane kilomita. Tafiyar kilomita 40, ya wuce juyi dubu. In suna dama da hagu ga ƙafafun da ke jan mota, wa ke biyan wanga bambanci? Akwai wani akwati mai haƙora tsakiyar ƙafafun, makanikai na ce mishi pon. Aikinshi shi bar ƙafa guda ta fi guda juyawa lokacin kwana kaɗai. Da tayoyi marasa tsawo ɗaya, shina aiki dare da rana kaman mota ba ta fita daga kwana ba. Shi yi zafi, haƙoranshi su cinye. Kuɗin gyaranshi ya fi kuɗin taya.

Motocin da ke ja da ƙafa huɗu, irin Hilux da Land Cruiser da ake shiga rairayi da su wajen Dakoro, su abin ya fi shafa. In an saka ja huɗu, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya tare. In tayoyin gaba sun fi na baya tsawo, guda na ja, guda na turjewa. Cikin rairayi taya na ɗan zamewa, abin shi lafa. Bisa ƙasa mai tauri kuwa ƙarafan ciki ke sha. Irin waɗanga motoci, huɗun duka su zama girma ɗaya, zane ɗaya, kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna.

Babbar mota mai taya biyu-biyu a baya ita ma haka: in guda ta fi ƴar'uwarta tsawo, doguwar ke ɗaukar kayan ita kaɗai, gajerar tana rakiya.

Kada a ruɗe da wani abu. Tarakta ƙafafunta na gaba ƙanana ne, na baya manya. Babur ma tayarshi ta gaba ta fi ta baya siranta. Wannan waɗanda sunka ƙera su ne sunka auna sunka yi haka. Ba shi ne haɗe-haɗen da muke magana ba. Girman da ya dace da kowace mota, da yawan iskar da za a sa, galibi an rubuta su bisa wata ƴar takarda da ke manne jikin ƙofar direba. Ita ce alƙali.

TAYOYIN DA SUNKA SHA HANYA A TURAI

A dā, ana yin taya nan kusa da mu. Michelin tana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop tana da tata a Ikko. Ta Fatakwal ta rufe cikin 2007, ta Ikko ta daina aiki cikin 2008. Tayar da ke kasuwanninmu daga nesa take zuwa: sababbi da yawa daga Sin da sauran ƙasashen Asiya, tsofaffi kuwa daga Turai, waɗanda shekara da shekaru anka riƙa saukewa tashoshin jirgin ruwa na Kwatano da Lome. Tsofaffin nan su ne uwar haɗe-haɗe, don ɗaya-ɗaya suke zuwa. Da wuya ka samu huɗu ƴan gida ɗaya.

Ba duka ne marasa kyau ba. Amma akwai abu uku da mai saye ya kamata shi duba.

Na farko, shekaru. Ku nemi inda anka rubuta DOT. A ƙarshen layin akwai lamba huɗu, sau da yawa cikin ɗan zobe mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kunka ga 1522, an yi ta mako na 15 na shekarar 2022, wato cikin Afrilu. In lamba uku ce kaɗai, an yi ta kafin shekarar 2000, ta girmi wasu masu karanta wagga jarida. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafin rana kuma shina gaggauta tsufanta. Kamfanin Michelin da kanshi ya ce taya in ta shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, in ta shekara 10 a cire ta ko da zanenta na nan. Wani gefen kaɗai ake buga lambar, in ba ku gan ta waje ba tana ciki.

Na biyu, zane. Cikin ramin zanen akwai ƴan tudunni ƙanana da anka yi da gangan. In fuskar taya ta cinye har ta yi daidai da su, saura milimita 1.6, bai kai kaurin tsinken ashana ba. A Turai nan ne iyakar doka. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana da wajen milimita 8. A yi hattara da tayar da anka sake ma zane da wuƙa mai zafi. Ga ido sabuwa ce, amma naman da ya rufe wayar anka yanke.

Na uku, wanda mutane da yawa ba su sani ba. In kunka ga hoton dutse mai kai uku da wata alama kaman tauraro cikinshi, mafi yawan irin waɗanga tayoyi don ƙasashen ƙanƙara anka yi su. Robarsu taushi gare ta, don kada sanyi shi sandare ta. Aikinsu shina kyau in awon sanyi ya sauka ƙasa da 7. Mu kuwa cikin Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Bisa kwaltarmu irin wagga taya tana saurin cinyewa, kuma birki ba shi kama ta da wuri. Zanenta mai zurfi ne, da ƴan tsage-tsage da yawa, shi ya sa take jan idon mai saye. A haɗa ta da tayar ƙasar zafi ga mota guda, an koma ga maganar sa da maraƙi. Araha ba ta ado.

Wata tayar kuma tana da kibiya a gefe. Inda kibiyar ta nuna, nan za ta riƙa juyawa in mota na tafiya gaba. In an juya ta, maimakon ta kori ruwa sai ta tara shi.

WANDA BA SHI DA KUƊIN HUƊU

Faɗin a sayi huɗu sababbi abu ne mai sauƙi ga wanda ba shi ne za shi biya ba. Direban ƙauye shina biyan mai, shina biyan tasha, shina kai ma mai mota kuɗi. To ga abin da ke iya yiwuwa ko da hannu bai cika ba.

Dama da hagu su zama tagwaye: iri ɗaya, girma ɗaya, lambar nauyi ɗaya, cinyewa kusan ɗaya. Wannan ba a sassauta shi. In gaba da baya za su bambanta, su bambanta ga suna ko ga zane, ba ga girma ba, kuma masu kyawun su zauna baya. Sau da yawa ba a bukatar sayen komi. Tayoyin da ke jikin motar, da ta ajiya, in an sauke su an jera an karanta, ana samun biyu da sunka dace da juna, sai dai guda tana gaba guda tana baya. Aikin awa guda ne wurin mai faci.

Iska ma a auna ta da ma'auni, da safe kafin taya ta yi zafi, ba da dukan ƙarfe ko harbin ƙafa ba. Tagwayen taya in guda ta fi guda iska sun daina zama tagwaye. Wanda ya rage iska don shi wuce rairayi, shi maida ta in ya hau kwalta.

Tayar ajiya, wadda direbobi ke ce ma safaya, in ba irin sauran ba ce, aikinta ta kai mota wurin mai faci, ba ta zauna wata uku ba. Ƴar siririyar nan da ke zuwa da wasu ƙananan motocin Turai, a jikinta an rubuta kada a wuce gudun kilomita 80.

Mu fasinja fa? Wanda ya tsaya bakin hanya tun hantsi, mota guda ta zo, ba shi da zaɓi da yawa, wannan kowa ya sani. Amma akwai lokacin da magana ke hannunmu. In ƙungiyar manoma ta ɗauki shatar mota don kai wake kasuwa, ko dangi za su kai amarya, ko za a kai mai naƙuda asibiti Gidan Runji ko Maradi, mu ke biya. A wakilta mutum guda da ya iya karatu shi kewaya motar tun ana ciniki. Ba da faɗa ba, ba gaban jama'a ba, don direba ma mutum ne mai iyali, kuma ba shi son a kunyata shi gaban yaran motarshi. A jawo shi gefe a ce: "Maigida, Allah shi ba ka haƙuri, wagga ta baya 88 anka rubuta mata, ga shi buhunanmu ashirin ne. Ko a rage kaya a yi sawu biyu, ko a canza ta da ta ajiya?" Direban kirki ba shi jin haushin wannan. In garuruwa biyu ko uku sunka fara tambaya haka, mai motar da kanshi za shi ji labari.

AMALANKE

Tayar da mota ta gama da ita ba ta zama banza ba. Amalanke ba shi gudu, taya ba ta ɗaukar zafi ƙarƙashinshi, don haka wadda ta suɗe tana iya shekaru tana kai taki gona, tana ɗauko damman hatsi. Sai dai nan ma a nemi biyu masu tsawo ɗaya. In guda ta fi guda, gadon amalanke shina karkata, kaya su zamo gefe guda, karkiya ta riƙa cin wuyan sa guda, ko sirdi shi riƙa gugar bayan jaki wuri ɗaya har shi yi miki. Mai amalanke sai shi yi ta neman magani ga dabba, alhali ciwon daga taya ya taso. A tsai da amalanke wuri mai daidai, ba kaya, a koma baya a dube shi. In ya karkata, a auna tayoyin biyu da igiya.

Wadda ta wuce aikin amalanke kuma, masu yin takalma na jiranta, tub ɗinta shi zama guga, ita kuma in an raba ta biyu a zuba ma kaji da tumaki ruwa.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Cadakori.